Keken daji mai shok gaba da baya: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini a Birnin Kebbi

Shekara uku ke nan ina hawan irin wannan keke a hanyoyin ƙafa da burtalai na kewayen Birnin Kebbi, daga gindin Dutsen Dukku zuwa bakin fadama, wani lokaci in miƙa wajen Kalgo. Na gwanjo na saya. Duk inda na tsaya shan ruwa sai an taru a kansa. Wani ya danna sirdi ya ga ya lotsa ya dawo, wani ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ce, "Kai, wannan ai ba nauyi!" Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda, wasu ma yadda aka yi mini su na rubuta su.

Malam, wai mene ne bambancinsa da keken da muka sani?

Keken da muka tashi muka gani a hannun iyayenmu, Raleigh ko Phoenix, ƙarfe ne sandararre tun daga kai har baya. Duk abin da taya ta taka, kai tsaye zai iso hannunka da ƙugunka. Wannan kuwa shok biyu gare shi. Na gaba yana cikin fok, bututu biyu masu shiga cikin juna. A baya kuma an raba firem ɗin gida biyu, an haɗa su da mahaɗai masu boris, shok ɗin na tsakaninsu. Tayar baya tana iya yin sama ta dawo ƙasa alhali mahayi yana zaune daram.

Su ma kekunan dajin iri-iri ne, kuma da yawan lotsawar shok ake rarrabe su. Na gangarowa daga kan manyan duwatsu shok ɗinsu na lotsawa har milimita 200, suna da nauyi, ba a ma hawa tudu da su. Wanda nake magana a kansa shi ne ake wa laƙabi da XC, na keta daji da gudu, a hau tudu a sauka a ci doguwar tafiya. Lotsawarsa milimita 100 zuwa 120 ce kawai, tayarsa inci 29, nauyinsa kilo 10 zuwa 13 gwargwadon tsadarsa. Specialized Epic, Scott Spark, Cannondale Scalpel, Canyon Lux da Giant Anthem duk 'yan wannan gida ne.

To shok ɗin bayan don jin daɗin zama aka yi shi ke nan?

Kusan kowa haka yake zato, ni ma da farko haka na ɗauka. Daɗin zaman gyara ne aka ɗora maka. Ainihin aikinsa shi ne riƙe tayar baya a ƙasa.

Ɗauki hanyar da amalanken shanu da babura suka bi da damina, ta bushe ta zama gargada, ga tsakuwar marmara a warwatse. Idan ka shige ta da gudu a kan keke mai sandararren baya, tayar baya dukan kowane dutse take yi ta yi tsalle. Tsallen ba ya wuce kaurin yatsa, amma a wannan ɗan lokaci tayar tana cikin iska. Taya kuwa idan ba ta taɓa ƙasa, ko ka taka feda ba ta tura ka gaba, ko ka ja birki ba ta tsayar da kai, a kwana kuma ba ta riƙe ka. Shi ya sa za ka ji bayan keken yana wutsil-wutsil, dole ka miƙe tsaye a kan feda ka daina tuƙawa, ka bar gwiwoyinka su zama shok.

A kan mai shok biyu, tayar ce ke hawa dutsen ta sauka, sauran keken da kai kuna tafiya a miƙe. Kana zaune kana ci gaba da juya feda a wurin da abokin tafiyarka ya tashi tsaye. Ranar da na fara gane wannan, akwai wani ɗan zango da nake yawan bi, mai tsakuwa jawur da ƴan ramuka. Da tsohon kekena ƙara nake ji kakaf-kakaf, kaca na dukan firem, idona har rawa yake yi. Da na bi shi da wannan sai na ji ƙarar ta koma wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa, na iso ƙarshe ban sani ba. Na ɗauka a hankali na tafi, sai da na waiwaya na hango abokina can baya.

Abu na biyu shi ne gajiya. Awa ɗaya ba za ka ga bambanci sosai ba. A awa ta uku ne gadon bayanka da wuyan hannunka za su faɗa maka gaskiya. Wanda jijjiga ba ta gallabe shi ba hankalinsa na kan hanya, shi kuwa wanda ya jigata a nan ne yake fara kuskuren da ke kai shi ƙasa.

An ce yana shanye ƙarfin mutum wajen hawan tudu. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Duk lokacin da ka danna feda, nauyinka na komawa baya, shok ya ɗan nutse ya taso. Wannan rausayar ƙarfinka take ci. A kekunan farko-farko abin ya yi muni ƙwarai. Na yanzu an tsara mahaɗansu ta yadda jan da kaca ke yi shi da kansa yake tokare shok ɗin, ya hana shi nutsewa yayin da kake tuƙi. Idan kana zaune kana juya ƙafa sumul, da ƙyar za ka ga motsi. Idan ka miƙe tsaye kana sukuwa a kan feda kuwa, za ka ji shi yana rausaya. Don haka aka sa masa makulli, wani ɗan hannu a jikin shok ko a kan keke kusa da babban yatsa. Ka danna shi, keken ya sandare kamar na da.

Sai dai kada ka riƙa kulle shi a kowane tudu. A kwalta ko tudu mai laushi, kulle. A tudu mai duwatsu da tsakuwa mai zamewa, irin gefen Dukku, bar shi a buɗe, don a nan ne yake biyan kuɗinsa. Mai sandararren baya idan ya zo kan ɗan dutse a tsakiyar hawa, tayar ta yi tsalle ta juya a banza, ka rasa gudu, ka sa ƙafa a ƙasa, daga nan sai turi. Mai shok kuwa tayar manne take, tana cizon ƙasa. Ka zauna a bakin sirdi, ka sunkuyo da ƙirji kusa da kan keke don kada gaba ya ɗaga, ka sa giya mai sauƙi. Yawancinsu faranti ɗaya ne a gaba mai haƙora 32 ko 34, a baya kuma giya 12, babbar cikinsu mai haƙora 50 zuwa 52. Da wannan babbar, tudun da ka ga kamar ba zai hawu ba sai ka ga ka haye shi sannu-sannu kamar hawainiya.

Gangara fa? Ba ya jefar da mutum ta gaba?

Na yanzu sun fi na da natsuwa nesa ba kusa ba. A da fok ɗin gaba a tsaye yake sosai, kusurwarsa digiri 70 zuwa 71, keken na juyawa da sauri amma a gangara sai ka ji kamar za ka kifa. Yanzu an kwantar da ita zuwa wajen 66 zuwa 68, tayar gaba ta ƙara yin gaba, firem ya ƙara tsawo. Da yawa kuma suna zuwa da sirdi mai sauka: ka danna ɗan hannu ka zauna a kai, ya nutse ƙasa, ka samu filin karkata jikinka. Ka sake dannawa ya taso.

A gangara ba a zama. Ka miƙe, feda biyu su daidaita, dugadugai ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a sake, ido can gaba inda kake son zuwa. Dutsen da ka zuba wa ido shi za ka daka, wannan na gwada shi da fatar gwiwata. Birkin na faifai ne mai aiki da mai, yatsa ɗaya ya isa. Mutanenmu na tsoron birkin gaba saboda abin da ya taɓa yi musu suna yara, alhali shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. A matsa shi a hankali tun kafin a shiga kwana, a sake shi a cikinta.

Amma a san iyakarsa. Milimita 100 ba ta da yawa. Kwazazzabon da ruwa ya zaizaye mai zurfin ƙugu, ko tsalle daga kan dutse, ba aikinsa ba ne. Idan ka ji shok ya buga ƙarshensa ƙwal sau da yawa a fita ɗaya, ko dai iska ta yi kaɗan ko kuma ka kai shi inda ba nasa ba.

Mu nan yashi ne ya fi damunmu. Shok na taimakawa a rairayi?

Ko kaɗan. A rairayi mai zurfi, da mai shok biyu da mai ɗaya da Phoenix ɗin baba duk ɗaya suke a wajen shok, don babu abin da zai shanye. Abin da ke fitar da kai shi ne faɗin taya da ƙarancin iska. Taya mai faɗin inci 2.3 ko 2.4, iska wajen psi 20 zuwa 24 a ma'aunin iskar taya ga mai matsakaicin jiki, sai ta baje ta hau kan yashin maimakon ta yanka shi. Ka shigo da gudunka, ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, nauyi a baya, hannu a sake. Kan keken zai riƙa lilo hagu da dama, ka bar shi. Da ka murɗa shi da ƙarfi ko ka taɓa birkin gaba, tayar za ta nitse ka tsaya cak. Wani yashin kuma ba shi da magani sai ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.

Wanda hanyarsa kusan duka yashi ce, shawarata ya bar maganar shok ɗin baya, ya zuba kuɗinsa a tayoyi masu kyau.

Ƙaya fa? Ni a fita ɗaya sai na yi faci uku.

Tsidau, ƙayar aduwa, ta bagaruwa da ta magarya, musamman inda manoma suka sare rassa suka yi shinge, ba tub ɗin da ke tsira daga gare su. Mafita ita ce tubles, irin yadda aka sani a tayar mota, amma da wani ƙari: ana zuba wani farin ruwan roba mai kama da madara a cikin tayar, kamar mililita 60 zuwa 90 kowace ɗaya. Ƙaya ta huda, iska ta turo ruwan cikin hujin, ya daskare nan take. Na taɓa zama a gindin bishiya na zare ƙayoyi daga tayar gaba har na daina ƙirgawa, duk inda na zare sai ɗan farin ɗigo ya fito, in juya tayar, ya toshe. Ban ƙara iska ba har gida.

Matsalarsa a wurinmu ita ce zafi. Ruwan na bushewa da wuri, a bazara wata biyu ma ya yi yawa. Ka girgiza tayar kusa da kunnenka, idan ba ka ji motsin ruwa ba to a ƙara. Ranar ɗora tayar da farko kuma sai da iska mai ƙarfi lokaci guda, wannan wajen mai faci na bakin titi za ka je, ka tafi da ɗan mahaɗin bawul domin bawul ɗin waɗannan kekuna siriri ne, bakin injinsa ba ya kama shi. Ka tsaya a kansa, kada ya ɗura mata iskar da yake ɗura wa babur. Duk da haka a riƙa tafiya da tub ɗaya a aljihu, saboda yankan dutse mai kaifi ya fi ƙarfin ruwan.

Yaya, na hau na abokina sai na ji yana harbi kamar jaki. Lalacewa ya yi?

Da wuya. Saiti ne ba a yi ba, kuma a nan ne mafi yawan masu irin wannan keke suke asarar abin da suka biya kuɗi a kai. Shok ɗin na iska ne, kuma da nauyin mai shi ake auna iskar. Wanda aka saita wa mai kilo 85, idan mai kilo 55 ya hau, katako zai ji. Idan aka juya kuma, babban zai nutse har ƙasa.

Ga yadda ake yi. Akwai famfo na musamman, ɗan ƙarami mai agogo, yana kaiwa psi 300, famfon taya ba ya wannan aiki. A jikin sandar shok akwai wani zoben roba. Ka buɗe makulli, ka sa kayan da kake hawa da su har da ruwanka, ka jingina da bango ka zauna a hankali. Wani ya tura zoben ya manne da bakin shok, ka sauka ba tare da ka girgiza keken ba. Tazarar da zoben ya bari ita ce lotsawar nauyinka. Ana son ta kai wajen kwata na tsawon sandar. Idan sandar milimita 45 ce, kana neman wajen 11. Ta fi haka, ƙara iska. Ba ta kai ba, rage. Fok ɗin gaba kuma kashi 15 zuwa 20 cikin 100.

Me ya sa ake son ya lotsa tun kafin a taka komai? Saboda hanya ba duwatsu kaɗai gare ta ba, akwai ramuka. Wannan kwatan da ya nutse shi ne tayar ke miƙewa da shi ta bi cikin rami maimakon ta tsallake shi a iska.

Harbin da ka ji kuwa daga wani ɗan jan maɓalli yake, wanda ke saita saurin dawowar shok bayan ya lotsa. An sake shi da yawa, sai ya dawo da ƙarfi ya cilla ƙugunka sama. An ɗaure shi da yawa kuma, ba ya gama dawowa kafin dutse na gaba, sai ya yi ta nutsewa har ya ƙare ya zama sandararre a tsakiyar gargada. Ka sauko daga dakalin gefen titi kana zaune. Ana so ya nutse, ya taso, ya tsaya. Idan ya yi lilo sau biyu, ɗaure shi ƙyas ɗaya ka sake gwadawa. Ka rubuta lambobin a wayarka, don yaran gida sai sun murɗa.

Zafin garin nan ba ya taɓa shi?

Yana taɓawa. Iska na kumbura da zafi, mai kuma na tsinkewa. Shok ɗin da ka saita da sanyin asubar hunturu, ma'auni na nuna digiri 15, idan ka fito da shi da azahar a watan Afrilu ana 42, iskar cikinsa ta ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, kuma zai riƙa dawowa da sauri fiye da da. Ka sake duba saiti duk lokacin da yanayi ya juya. Kada kuma a bar keken a rana tsaka a tsakar gida, robobin ne ke fara mutuwa.

A kasuwa na ga masu sifirin a tsakiya, kuɗinsu bai kai ko kusa ba. Ba iri ɗaya ba ne?

Kamar kumbo kamar kayanta dai a ido, amma a hanya ba su haɗa komai ba. Abin da ke cikin waɗancan sifirin ne zalla, babu man da ke danne shi, ya lotsa ya harbo yadda ya ga dama. Mahaɗinsu kusa ce guda a cikin roba, wata kaɗan ta fara girgiɗi. Nauyinsu kan kai kilo 17 ko fiye. Ka taka feda rabin ƙarfinka ya tafi a rausaya. Yaro ya zaga unguwa da shi ba laifi. Idan kuɗinka iyakar nan ya tsaya kuma daji kake nufi, nemi na gwanjo mai kyau wanda baya sandararre ne. Araha ba ta ado.

To tsakanin mai shok ɗaya na ƙwarai da mai biyu, wanne zan ɗauka?

Ka duba hanyar da za ka fi bi. Mai shok na gaba kaɗai ya fi sauƙin nauyi da kamar kilo guda, ya fi araha, ba shi da mahaɗan da za su ci boris, kuma da kuɗi ɗaya za ka samu mai giya da birki da suka fi kyau. A jar hanya mai laushi, kwalta, yashi da gefen fadama da rani, bai bar wa mai biyu komai ba. Ko a gasar Olamfik ta Faris a 2024, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa da mai sandararren baya ta ci zinare a ɓangaren mata.

Mai biyu na wanda ke bin duwatsu ne da gargada, ko mai doguwar tafiya ta awa uku zuwa sama, ko wanda bayansa ya fara yi masa gargaɗi. Mutumin ƙasar Zuru, inda tuddai da duwatsu suka fi namu yawa, zai fi ni cin moriyarsa. Ni kaina, in don hanyoyin cikin gari ne da na fadama, da ban saye shi ba.

Ƙurar hunturu da lakar damina ba su kashe shi?

Su ne manyan abokan gabansa. Ƙurar nan mai laushi kamar garin tuwo tana manne wa sandunan shok, ta bi ta ƙarƙashin roba ta gauraya da mai, ta koma kamar sanfefa tana cin ƙarfen a hankali. Duk dawowa ka goge sandunan da tsumma mai tsabta, ba ya ɗaukar minti ɗaya. Kamfanin RockShox ya ce a buɗe ƙasan fok a sauya mai duk bayan awa 50 na hawa, Fox kuma ya ce a yi cikakken sabis duk awa 125 ko shekara guda. A ƙurarmu gara a yi kafin lokacin.

Kaca kada a zuba mata baƙin mai. Na san shi muka saba da shi, amma ƙura yake kira, ya zama kwaɓin da ke cinye kacar da haƙoran giya, su kuwa giya 12 ɗin nan ba su da arha. Akwai man kaca mai bushewa, shi ya dace da rani.

Lakar fadama kuwa, wadda masu shinkafa suka sani, idan ta kama taya sai ta cika tsakanin firem da mahaɗai har tayar ta daina juyawa. Ka matsa da ƙarfi a haka, ƙafar giya ta baya ta murɗe ta shige cikin sifok. Da ka ji nauyi, tsaya ka nemi kara ka ƙwaƙule. Wajen wanki kuma bokiti da soso sun isa. Injin wankin mota na tura ruwa cikin boris ya kore giris, bayan sati biyu ka fara jin ƙiiƙii.

Masu gyaran keke na gari za su iya da shi?

Gyaran rim, ɗaure sifok, sauya boris da saita giya, akwai masu hannu sosai a cikinsu, abin da suke buƙata kawai a nuna musu sau ɗaya. Abu biyu ne nake hana kowa: buɗe shok ba tare da an sace iskar ba, don yana iya fashewa a fuskar mutum, da zuba man birkin mota a birkin kamfanin Shimano. Shi man ma'adini yake sha, na mota yana kumbura robobinsa ya lalata shi gaba ɗaya. Ka karanta abin da aka rubuta a murfin birkinka. Robobin shok da mansa kuwa sai an yi odar su daga Legas ko Abuja ko waje, don haka a sayo kafin a buƙata.

Zan sayi na gwanjo. Me zan duba?

Ni hoto na gani a waya na tura kuɗi, aka ɗoro mini shi a mota. Mai sayarwar ya rantse ba abin da ya same shi. Da ya iso, na ɗaga sirdi a hankali sai na ji ƙwas-ƙwas a baya, boris ɗin mahaɗai duk sun mutu. Wata biyu yana jingine a ɗaki kafin in samu girmansu. Don haka ka fara da nan: ɗaga sirdi kaɗan-kaɗan, ka kuma kama tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe. Kada ka ji motsi.

Ka shafa sandunan fok da na shok da farce, ƙarzuwar da farce ya kama za ta riƙa yayyo da mai. Ka danna makulli ka ga ko yana kullewa da gaske. Idan firem ɗin na kabon ne, wato wani zare mara nauyi da aka daskarar da shi a maimakon ƙarfe, a fito da shi rana a duba tsaga, musamman ƙarƙashin babban bututu da wajen mahaɗai. Kabon ba ya lotsawa kamar alminiyom ya nuna maka ya ji ciwo, tsagewa yake yi, kuma mai walda ba shi da abin da zai yi masa. Ga mai sayen na hannu a nan, alminiyom ya fi kwanciyar hankali. Sannan girma: S, M, L ne kamar riga. Wanda ya yi maka yawa ko kaɗan, ko kyauta ne zai dame ka.

Alhaji, babba da kai a kan keke? Ba wasan yara ba ne?

Wannan tambaya a bakin masallaci aka fi yi mini ita, ana dariya. Wasan keken daji ya fara ne a gundumar Marin ta Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1970, samari na gangarowa daga tudu da tsofaffin kekuna. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da keken daji mai suna Stumpjumper, a 1989 RockShox ya fito da fok mai shok, a 1996 kuma aka shigar da wasan gasar Olamfik a Atlanta. Nino Schurter na Suwizalan ya ci kambun duniya sau 10, ya ci zinare a Riyo a 2016 a kan Scott Spark mai shok biyu. Tom Pidcock na Birtaniya ya ci zinare a Tokiyo, ya maimaita a Faris a 2024 bayan tayarsa ta yi faci a tsakiyar tsere. A tseren nan ɗan Afirka ta Kudu Alan Hatherly ne ya zo na uku, kuma a shekarar ya zama zakaran duniya. A ƙasarsu ake yin tseren Cape Epic tun 2004, kwana takwas mutum biyu-biyu suna keta duwatsu, kusan kowa a kan mai shok biyu. Ni dai nawa bai kai can ba, tumbi nake ragewa.

Ina za a hau, kuma da me za a kiyaye?

Hanyoyin ƙafa tsakanin ƙauyuka da burtalai sun ishe mu, sai dai ba namu ba ne mu kaɗai. Keken ba shi da ƙara, yana kuma da gudu, sai ka iso bayan mace ɗauke da itace ko tallar nono ba ta ji ka ba. Ka rage gudu tun daga nesa, ka yi sallama. Garken shanu kuwa tsayawa ake yi a ba su hanya, a gaisa da makiyayi, don ƙarar tayar baya idan ka daina tuƙi, tsirrr ɗin nan, tana firgita su. Da damina kada a yanke ta cikin shuka komai gajartar hanyar, kunya ɗaya da ka taka ta isa ta ɓata sunan duk mai hawan keke a ƙauyen.

Maganar tsaro kuma ba a wasa da ita. Akwai dazukan da ba a shiga yanzu, musamman wajen Danko-Wasagu da Sakaba, duk kyan duwatsunsu. A tambayi mutanen gari kafin a nausa, a fita mutum biyu ko uku, a faɗa wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Hular kwano dole ce. Wando mai faɗin ƙafa a ɗaure shi ko a cusa cikin safa, kaca ta taɓa cafke nawa a tsakiyar gangara. Ruwa gora biyu, in firem ɗinka gora ɗaya yake ɗauka saboda shok ya cinye wurin, sai ka goya sauran a baya. A bazara ni da an idar da sallar asuba nake fita, kafin ƙarfe tara ina gida ina goge sanduna.